King Camp Gillette: Mutumin da ya koya wa duniya jefar da reza

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai tebur ya sayi reza guda a cikin ƴar takardarta, ko don aski ko don yanke farce, ya riƙe a hannunsa abin da wani ɗan tallan kaya na ƙasar Amurka ya shafe shekara takwas yana wahala a kansa kafin ya sayar da ko da guda. Sunan mutumin King Camp Gillette. King ɗin nan ba sarauta ba ce, sunan yanka ne da iyayensa suka raɗa masa. A yau filinmu na tarihin mashahuran mutane zai duba rayuwarsa, musamman ganin yadda a ƴan shekarun nan maza da dama a Turai da Amurka suke komawa ga irin abin askin da ya ƙirƙiro, saboda na zamani ya yi musu tsada.

An haifi Gillette ranar 5 ga watan Janairu na shekarar 1855 a garin Fond du Lac da ke jihar Wisconsin, amma a birnin Shikago ya tashi. Mahaifinsa mutum ne mai son ƙere-ƙere, mahaifiyarsa kuwa, Fanny, ita ce ta wallafa wani littafin girke-girke a shekarar 1887 wanda ya samu kasuwa ƙwarai a Amurka. A shekarar 1871 babbar gobarar nan ta Shikago ta cinye dukiyar gidansu, lokacin yana ɗan shekara 16, sai ya zama dole ya fita neman na kansa. Ya kama aikin yawon tallan kayan kamfanoni gari-gari, kuma a wannan sana'a ya yi fiye da shekara 30. A tsakani yakan ƙera ƴan abubuwa ya yi musu rajista, amma babu wanda ya kawo masa abin kirki.

Sa'arsa ta fara ne da ya shiga aiki a ƙarƙashin William Painter na birnin Baltimore, mutumin da ya ƙirƙiro murfin kwalbar lemo mai haƙora, wanda har yau shi ake amfani da shi. Painter ya yi arziki da wannan ɗan murfi don dalili guda: da zarar an buɗe kwalba an yar da shi, sai an sake sayen wani. Shi ne ya ba Gillette shawarar ya nemo wani abu makamancin haka, wanda mai saye zai yi ta dawowa muddin ransa. Maganar ta zauna masa a rai, har ya riƙa bin haruffa ɗaya bayan ɗaya yana jera kayan da mutane ke amfani da su kullum, ko zai dace.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda aski yake a wancan zamani. Namiji a Amurka yana da hanya biyu: ko ya je wajen mai aski ya biya, sau biyu ko uku a mako, ko ya mallaki askarsa. Aska kuwa, kamar yadda kowane wanzami zai gaya maka, ba a ajiye ta haka kawai. Kullum sai an goga ta a fata, in ta dakushe sai an kai ta dutse, kuma wanda hannunsa bai saba ba sai ya yanke kansa. Ba Gillette ne ya fara tunanin yi wa aska shinge don kare fata ba. Wani maƙeri Bafaranshe mai suna Jean-Jacques Perret ya gwada haka tun ƙarni na 18, kuma ƴan'uwan nan Kampfe na birnin New York sun fito da tasu mai suna Star a wajejen 1880. To amma dukansu bakinsu ƙarfe ne mai kauri da ke bukatar washi.

Wata safiya a shekarar 1895, yana ɗan shekara 40, Gillette ya ɗauki askarsa zai yi gyaran fuska ya tarar ta dakushe, ta wuce gugar fata, sai an kai ta wajen mai washi. Nan tunanin ya zo masa cewa a cikin wannan ƙarfe duka, bakin nan siriri kaɗai ke aiki, sauran duk mariƙi ne. Me zai hana a yi bakin shi kaɗai, a yanko shi daga fallen ƙarfe mai arha, a yi masa kaifi gefe biyu, a matse shi a cikin wani gida mai mariƙi, in ya dakushe a yar a sa sabo? Ya sayo tagulla da ƙarfen da ake yi wa agogo waya da magagari, ya haɗa samfurin farko da hannunsa.

Tunani ya zo cikin minti kaɗan, aiki ya ci shekara shida. Matsalar ita ce fallen ƙarfe mai laushi ba ya riƙe kaifi, in kuma an gasa shi don ya yi tauri sai ya kanannaɗe. Masana ƙarfe da ya tuntuɓa, har da na babbar makarantar fasaha ta MIT, sun nuna masa abin ba zai yiwu ba. Abokansa suka mayar da shi abin zolaya. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa rashin zurfin iliminsa a fannin ne ya hana shi karaya, don da ya san abin da masanan suka sani da ya bari.

Wanda ya warware matsalar shi ne William Nickerson, wanda ya yi karatu a MIT ɗin, kuma a ganina tarihi bai yi masa adalci ba. Shi ne ya gano yadda za a gasa fallen ƙarfen ba tare da ya lanƙwashe ba, shi ne ya ƙera injinan washi, shi ne kuma ya gyara siffar gidan rezar yadda zai matse ta daidai. A watan Satumba na 1901 aka kafa kamfani a birnin Boston, a saman wani shagon kifi, a shekara mai biye aka sa masa sunan Gillette. Kuɗi suka ƙare tun ba a fara sayar da komai ba, sai da wani attajiri mai suna John Joyce ya zuba jarinsa aka farfaɗo.

A shekarar 1903 aka fara ciniki, kuma abin da aka sayar a shekarar duka shi ne gidan reza 51 da reza 168. A lokacin Gillette bai ma bar aikinsa na kamfanin murfin kwalba ba, har sun tura shi Ingila. Amma a 1904 aka sayar da gidan reza sama da 90,000, kuma ranar 15 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙirarsa, wadda ta hana kowa kwaikwayonsa har shekara 17. Kafin 1910 kamfanin yana da masana'antu a Kanada da Ingila da Faransa da Jamus. A 1915 rezar da aka sayar ta kai miliyon 70.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa a makarantun koyon kasuwanci, wai dabarar Gillette ita ce ya sayar da gidan reza da arha, ko ma ya bayar kyauta, don ya ci riba a rezar. Wani malamin shari'a na jami'ar Shikago, Randal Picker, ya bi tsofaffin takardun farashi a 2010 ya nuna ba haka aka yi ba. Duk tsawon shekarun da takardar mallaka take kare shi, dala 5 ake sayar da gidan rezar (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba), wanda ya kusa rabin albashin mako na leburan masana'anta a lokacin, reza dozin guda kuma dala 1. Ke nan ba kayan talaka ba ne. Abin da tallarsa ke nuna wa mai saye shi ne ya lissafa abin da yake ba mai aski a shekara, zai ga kuɗinsa sun dawo. Sai a 1921, shekarar da takardar ta ƙare, kamfanin ya fito da na dala 1.

Abin da ya fi kowace talla yi masa amfani shi ne yaƙin duniya na ɗaya. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sojojinta suna bukatar fuska a aske, saboda tsabta da kuma saboda abin rufe fuska na kariya daga iska mai guba ba ya kama fuska mai gemu. Gwamnati ta sayi gidan reza miliyon 3 da rabi da reza sama da miliyon 30 ta raba musu. Samarin da suka koyi aske kansu a bakin daga sun koma gida da al'adar, suka ci gaba da sayen reza da kuɗinsu.

Hotonsa da sa hannunsa suna jikin takardar kowace reza, mutum mai baƙin gashi da gashin baki, don haka fuskarsa ta zama cikin waɗanda aka fi sani a duniya. In ya je wasu ƙasashe mutane kan taru su kalle shi, don da yawa sun ɗauka zane ne kawai na talla. Amma a cikin kamfanin ikonsa bai kai hotonsa ba. Sun daɗe suna ja-in-ja da Joyce, musamman kan sayar da ikon ciniki a ƙasashen waje, wanda Gillette ya ƙi yarda da shi, kuma lokaci ya nuna shi ke da gaskiya. A 1910 ya sayar wa Joyce mafi yawan hannun jarinsa, aka bar masa sunan shugaba, ya tattara ya koma Kalifoniya.

Ga kuma wani ɓangare na rayuwarsa da masu aski da rezarsa ba su sani ba. Wannan mutum da ya yi arziki da jari-hujja, a zuciyarsa maƙiyinta ne. Tun 1894, shekara guda kafin tunanin reza, ya wallafa littafi mai suna The Human Drift, inda ya ɗora laifin talauci da ɓarna da miyagun laifuffuka a kan gasar kasuwanci. Maganin da ya kawo shi ne a haɗe dukan masana'antu a kamfani ɗaya mallakar jama'a, mutanen Amurka kusan miliyon 60 su tare a birni guda kusa da mafaɗar ruwa ta Niyagara, wadda za ta ba su lantarki, a zauna a dogayen benaye marasa madafa, kowa ya ci abinci a zauren tarayya. Ba zafin ƙuruciya ba ne, don bayan ya yi kuɗi ma bai sake ba. A 1910 ya yi wa wani kamfani rajista da nufin ya haɗiye kasuwancin duniya, ya yi wa tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt tayin dala miliyon 1 ya shugabance shi, Roosevelt ya ƙi. A 1924 ya sake fitar da wani littafin da taimakon marubuci Upton Sinclair. Babu wanda ya bi shi. Abin mamaki, mutumin da ke kukan ɓarna shi ne ya fi kowa koya wa jama'a saye a yar.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Ya zuba kuɗi masu yawa a filaye da gonakin lemo da dabino, ya gina katafaren gida a Calabasas, kuma da yawa daga ciki bashi ne da ya ci a kan hannun jarinsa. Sai kasuwar hannun jari ta faɗi a 1929. A daidai lokacin wani abokin hamayya, Henry Gaisman, ya fito da reza mai suna Probak da ke shiga gidan Gillette, rigima ta kai kotu, aka ƙare da haɗe kamfanonin biyu a 1930. Wajen binciken littattafai aka gano shugabannin kamfanin Gillette sun yi shekaru suna kumbura ribar da suke sanarwa. Darajar hannun jari ta zube, Gaisman ya karɓe ragama. Gillette ya sauka daga kujerar shugaba a 1931, ya rasu a Los Angeles ranar 9 ga Yuli na 1932 yana da shekara 77, dukiyarsa ta kusa ƙarewa. Ya bar mata ɗaya da ɗa ɗaya.

Kamfanin ya ci gaba bayansa, amma a hankali ya juya wa rezar baya. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ke daɗewa ba ta dakushe ba, kuma da yake kowa na iya ƙera reza mai shiga kowane gida, riba ta ragu. Sai aka koma ga kai na roba mai baki a ciki, wanda ba ya shiga mariƙin kowa sai na kamfanin da ya yi shi: mai baki biyu a 1971, Mach3 mai baki uku a 1998, Fusion mai baki biyar a 2006. Da haka dabarar nan da ake jingina wa King Gillette ta tabbata sosai, mariƙi da sauƙi, kai da tsada. A 2005 kamfanin Procter & Gamble ya saye Gillette a kan dala miliyar 57.

Wannan tsada ce ta sa wasu maza a ƙasashen Turawa suka waiwayi tsohon gidan reza na ƙarfe. Ana sayensa sau ɗaya ya yi shekaru, kuɗin kai guda na zamani kuma ya isa sayen reza da yawa. Sai dai yana son koyo: a jiƙa fuska da ruwan ɗumi, a sa kumfa sosai, kada a danna, a bi yadda gashi ya kwanta. A 2019 Procter & Gamble ya rage darajar Gillette a littattafansa da dala miliyar 8, saboda ƙaruwar masu hamayya masu arha da yawaitar masu barin gemu.

Mu nan rezar ba ta taɓa barin kasuwa ba balle a ce an dawo mata. Har yanzu ana ƙera ta a Masar da Indiya da Pakistan da Rasha, kuma tun da aka fara faɗakarwa kan cutar sida da ciwon hanta, masu aski da dama sukan ɓare sabuwa a gaban wanda za su yi wa gyaran fuska. Gidan da Gillette ya gina a Calabasas kuwa ya yi ta sauya hannu, ya zama makarantar horar da limaman kirista, ya zama jami'a, yanzu filin shaƙatawa ne na jama'a mai ɗauke da sunansa.