Kacici-kacici: Wane zakaran golf ne aka miƙa wa kofinsa a cikin ruwan sama?

A al'adarmu, idan aka yi kacici-kacici aka rasa amsa, sai a ba mai tambaya gari kafin ya warware. Yau ga namu, daga filin wasa ya fito. A karanta wa 'yan majalisa, ko a tura zauren WhatsApp, a ga wanda zai canka.

Alama ta farko, bai yi makaranta ba, sai da ya girma aka koya masa rubuta sunansa. Ta biyu, da dakon jakar sandunan Turawa ya fara. Ta uku, a juye yake riƙe sandar wasa, saɓanin yadda kowane malami ke koyarwa. Ta huɗu, sau uku yana lashe babbar gasar ƙasar Holan. Ta biyar, ya ci gasa a garin haihuwarsa, amma a waje aka miƙa masa kofi ana tafka ruwa, don doka ta hana shi shiga ɗakin taro.

Da yawa za su ce Tiger Woods, domin shi ne sunan da ya fi yawo a nan idan ana zancen golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. To, ba shi ba ne. Lokacin da waɗannan abubuwa suka faru ba a ma haifi Woods ba, sai a 1975.

In an gaji, a ba mu Birnin Kudu, a ƙara mana da Gwaram. Mun karɓa. Amsar ita ce Sewsunker Sewgolum na Afirka ta Kudu, wanda duniya ta fi sani da Papwa.

Yaron da ke bayan 'yan wasa

An haifi Papwa a 1928 a unguwar Riverside da ke birnin Durban, a gaɓar tekun Indiya. Asalin danginsa Indiyawa ne, daga cikin waɗanda Turawan mulkin mallaka suka riƙa kwasowa tun 1860 domin aikin ƙwadago a gonakin rake na lardin Natal.

Gidan talakawa ne ƙwarai. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ba ta gani. Maimakon aji, sai ya nufi filin golf na Beachwood da ke kusa da unguwarsu, inda yake ɗaukar wa fararen fata jakar sanduna a biya shi abin da zai kai gida.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Fili ne mai faɗi da ramuka 18. Ɗan wasa zai riƙa bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, sannan ya wuce na gaba. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. A manyan gasanni ana zagaya filin sau huɗu, ramuka 72 ke nan.

Mai dakon jaka yana tafe a baya, amma idonsa na kan komai. Ya san nisan kowane rami, ya san inda iska ke karkatar da ƙwallo, ya san gangaren da ba a gani sai an duƙa. A nan Papwa ya yi karatunsa.

Da yake babu wanda ya tsaya ya koya masa, sai ya saba da riƙon da ya zo masa da sauƙi. Mai wasa da dama yakan sa hannun hagu a sama, na dama a ƙasa. Shi kuwa hagu ne a ƙasa, dama a sama. Masana na ganin wannan kuskure ne babba, amma da shi ya yi wasa har ƙarshen rayuwarsa, da shi kuma ya riƙa lashe gasannin da aka ware wa waɗanda ba fararen fata ba.

Tafiya Turai

Ƙofa ta buɗe masa ne ta hannun wani mai zuwa wasa a Beachwood, Graham Wulff, masanin haɗa sinadarai da ya ƙirƙiro man shafawar nan na Oil of Olay. Wulff ya ga bugun mai ɗaukar jakarsa, ya gane cewa ba a inda ya dace yake ba. Ya ba shi aiki a kamfaninsa, ya ɗauki nauyin fitar da shi waje.

Kafin tafiya sai da aka zaunar da Papwa ya koyi sa hannu a fasfo, da kuma rubuta lambobi, domin a gasa ɗan wasa ne ke cike katin maki. A 1959 Wulff ya ɗauke shi a ƙaramin jirginsa, suka ratsa Afirka har Turai.

A shekarar ya samu gurbin shiga gasar Open ta Birtaniya a filin Muirfield, wadda ɗan ƙasarsu farar fata, Gary Player, ya lashe. Daga nan ya wuce Holan, ya ci gasar Dutch Open. Ya koma a 1960 ya kare kambunsa, ya sake ɗauka a 1964. A gasar Open ta Birtaniya ta 1963 kuma ya zo na 13 a cikin gwanayen duniya.

Baƙo a garinsu

A gida labarin daban ne. Tun 1948 jam'iyyar National ta kafa mulkin wariyar launin fata, kuma dokar raba unguwanni ta 1950 ta tsara inda kowane jinsi zai zauna da inda zai shiga. A ƙarƙashin wannan doka aka tashi Indiyawan Riverside daga unguwarsu, aka mayar da ita ta fararen fata.

Sai a 1961 aka ba Papwa izini na musamman ya shiga gasar South African Open. Izinin na taka fili ne kawai. Ba zai shiga ginin kulob ba, don haka a mota yake canza kaya, abinci kuma tare da masu dakon jaka yake ci.

Duk da haka, a 1963 ya lashe gasar Natal Open a filin Durban Country Club, inda ya doke fitattun fararen fata irin su Harold Henning. A shekarar ce kuma ya zo na biyu a gasar ƙasa baki ɗaya, bayan Retief Waltman. A 1965 ya sake ɗaukar kofin Natal, a wannan karon har da Gary Player a cikin waɗanda ya bari a baya.

A bikin ba da kyauta na ɗaya daga cikin waɗannan nasarori biyu ne aka ɗauki hoton da ya zagaya duniya. Ga zakara a tsaye a waje yana karɓar kofi ruwa na zuba, alhali ga gini nan da rufi, inda 'yan jinsinsa ke shiga su yi wa baƙi hidima, amma shi bai isa ya shiga a matsayin ɗan wasa ba. Wanda bai taɓa karanta dokokin wariya ba, da ya ga hoton ya fahimce su.

Gwamnati ba ta ji kunya ba, sai ma ta ƙara matsa lamba. A 1965 ta tsaurara dokar hana jinsuna cuɗanya a wuraren kallon wasa, a 1966 kuma ta rufe wa Papwa ƙofar gasannin fararen fata. A can kuɗin wasan yake. Tun da an kasa kayar da shi a fili, sai aka kayar da shi a ofis, yana tsakiyar ganiyarsa.

Ya ƙarasa rayuwarsa cikin ƙunci. Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa ranar 5 ga Yulin 1978, yana da shekara 49.

Inda labarin ya taɓo Najeriya

Papwa ba ɗan siyasa ba ne, amma abin da aka yi masa ya zama hujja a hannun masu neman a ware Afirka ta Kudu daga wasannin duniya. An hana ta zuwa wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, aka kore ta daga ƙungiyar a 1970. A 1974 Indiya ta gwammace ta bar mata kofin Davis na ƙwallon tanis da ta kara da ita a wasan ƙarshe.

Najeriya na sahun gaba a wannan fafutuka. Abraham Ordia ne ke shugabantar majalisar ƙoli ta wasannin Afirka lokacin da ƙasashen nahiyar, har da Najeriya, suka ƙaurace wa wasannin Montreal a 1976. Wata guda bayan rasuwar Papwa, Najeriya ta ƙi zuwa wasannin ƙasashe renon Ingila a Edmonton ta Kanada kan wannan batu. Daga baya marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata.

Sakayya ta zo, amma a makare. A 2004, shekara goma bayan faɗuwar mulkin wariya, Shugaba Thabo Mbeki ya ba Papwa lambar girma ta Ikhamanga. Akwai kuma filin golf a Durban da ke ɗauke da sunansa.

A nan Arewa, golf ba baƙon wasa ba ne. Akwai filaye a Kano da Kaduna da Jos tun zamanin Turawa, kuma a Dutse marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa nasa, a masarautar da Birnin Kudu da Gwaram ke ciki. Duk inda ake wannan wasa, akwai matasa a baya da jaka a kafaɗa.

Babu dokar da ta hana su shiga ko'ina. Abin da ke tare musu hanya shi ne tsadar sanduna, kuɗin rajistar gasa da rashin mai tsaya musu. Papwa ya daɗe kafin wani ya duba bugunsa ya ɗauke shi da muhimmanci. Masu zuwa filayenmu da yamma, ya kamata wata rana su miƙa wa yaron da ke bayansu sanda, su tsaya su ga abin da zai yi da ita.