Marigayi Alhaji Muhammadu Ribadu, Ministan Tsaron Nijeriya na Farko

A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan Adamawa, wato marigayi Alhaji Muhammadu Ribadu. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birane suna jin sunan Barikin Ribadu a Kaduna, ko Dandalin Ribadu a Jimeta, ba tare da sanin ko wane ne mai sunan ba.

An haife shi wajajen shekarar 1910 a gidan sarautar Balala, inda mahaifinsa yake hakimi. Bayan karatun allo ya shiga makarantar Midil ta Yola, ya kuma koyar a cikinta. Ya yi aiki a baitulmalin En'e ta Adamawa har ya zama Ma'aji, ya kuma gaji mahaifinsa a hakimcin Balala a 1936. A nan gida ya koyi riƙon amanar dukiyar jama'a da iya zama da mutane, abubuwan da suka yi masa rana daga baya.

A 1947 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Da aka fara naɗa ministoci 'yan ƙasa a Legas a 1952, yana cikin 'yan Arewan da aka zaɓa, tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya riƙe ma'aikatar albarkatun ƙasa, sannan ta filaye da ma'adinai da lantarki, sannan ta harkokin Legas. A jam'iyyar NPC kuwa, daga Sardauna da Tafawa Ɓalewa sai shi.

Da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960 aka damƙa masa ma'aikatar tsaro. Rundunar da ya tarar ta mulkin mallaka ce: mafi yawan manyan hafsoshinta Turawan Ingila ne, makamanta daga waje suke zuwa, ba ta kuma da jiragen yaƙi. Aikin da ya sa a gaba shi ne mayar da ita ta 'yan ƙasa. A zamaninsa aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1962, bayan ɗalibai da 'yan adawa sun yi tir da ita. A 1964 aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna da taimakon Indiya, aka kafa masana'antar ƙera makamai a Kaduna, aka kuma kafa rundunar sojan sama da taimakon Jamus ta Yamma. Sojojin Nijeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango da Tanganyika. A farkon 1965 Baturen ƙarshe ya sauka daga shugabancin sojan ƙasa, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓa.

Matakinsa da ya fi jawo muhawara shi ne tsarin kaso na 1961, wanda ya ba Arewa rabin guraben horar da hafsoshi, Gabas da Yamma suka raba sauran. Masu suka sun ce an fifita yanki a kan cancanta. Masu goyon baya kuwa sun nuna cewa galibin ƙananan sojoji 'yan Arewa ne, alhali hafsoshinsu ba su taka kara sun karya ba, saboda ƙarancin makarantun sakandare.

Allah ya yi masa rasuwa a Legas ranar 1 ga Mayu, 1965, Alhaji Inuwa Wada ya gaje shi. Wata takwas da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko. Dattawa da dama na ganin da yana raye, kwarjininsa a bariki da ya sa masu makircin sun yi shakka, amma Allah ne masani.

Guraben da ya buɗe sun amfani waɗanda iyayensu suka sa a makaranta ne kaɗai. Don haka muna kira ga 'yan uwa mazauna birane su riƙa tunawa da makarantun gida. Allah ya jiƙan Ribadu, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.