Muhammad Fawzi, Mai Kamfanin Faifan Misrphon

Cikinmu mazauna Kagarawal, duk wanda ya gaji tsohon faifan garmaho na Larabci, ya duba takardar da ke manne a tsakiyarsa. In ya ga Misrphon ko Sono Cairo, to yana riƙe da gumin wani bawan Allah, Muhammad Fawzi.

An haife shi a 1918 a wani ƙauye kusa da Ɗanɗa, ƙasar Masar. Da ya tasa sai ya nufi Alƙahira neman sa'a, ya yi aiki a gidan rawar Badi'a Masabni, inda mashahuran masu rawar kugu irin su Tahiya Kariyoka da Samiya Jamal suka fito. Daga nan ya shiga fim, yana waƙa, yana tsara wa wasu kiɗa. Shi ne ma ya yi kiɗan taken ƙasar Aljeriya.

Amma abin da ya kai mu gare shi faifai ne. A da, mawaƙin Masar zai yi waƙarsa a gida, bugun faifan kuwa yawanci sai an kai Turai. Ko Baidaphon, kamfanin 'yan gidan Baida na Bairut, a Balin ta Jamus ake buga masa. Wannan ya tsaya wa Fawzi a rai. A ƙarshen shekarun 1950 ya tattara abin da ya samu a fim, ya kafa Misrphon da masana'antarsa ta buga faifai a cikin Masar. Faifai ya yi araha, har Ummu Kulsum ta kawo waƙoƙinta.

Daɗin bai daɗe ba. A 1961 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta ƙwace kamfanin, ta mai da shi na hukuma, mai shi ya koma ɗan albashi a cikin abin da ya gina da hannunsa. A ganinmu wannan ba adalci ba ne, ko da wane suna aka kira shi. A kan wannan masana'anta aka kafa Sono Cairo a 1964, shi ya sa masu bin tarihin faya-fayen rawar Larabawa ke ganin sunan Misrphon ya ɓace, sabon ya maye gurbinsa.

Ciwo ya kama Fawzi, aka yi ta neman magani har Turai, ba a dace ba. Ya rasu ran 20 ga Oktoba, 1966, yana da shekara 48. Allah Ya jiƙansa.