Mary Carpenter: matar da ta fitar da yara masu laifi daga kurkukun manya

A Ingila ta farkon ƙarni na 19, yaron da ya kai shekara bakwai da haihuwa yana iya gurfana gaban alƙali kamar kowane baligi. Idan aka same shi da laifin satar burodi ko yankan aljihu, hukuncinsa bulala ce ko ɗauri a kurkuku ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi, wani lokaci ma a saka shi cikin jirgin ruwa a kai shi Ostireliya. Daga cikin mutanen da suka fi taka rawa wajen sauya wannan tsari akwai Mary Carpenter, wadda ta kafa makarantun kwana na gyaran tarbiyyar yara a birnin Bristol, ta kuma matsa wa majalisar dokokin Birtaniya lamba har ta amince da irin waɗannan makarantu a hukumance.

An haifi Mary Carpenter ne a ranar 3 ga watan Afrilun 1807 a garin Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila. Ita ce 'yar fari a wurin Lant Carpenter, wani limamin coci na wata ƙaramar ɗariƙar Kirista da ba ta yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya ba, ba ta kuma yarda cewa ana haifar ɗan Adam da zunubin gado ba. Wannan aƙida ta biyu ita ce ginshiƙin duk abin da Mary ta yi daga baya, domin wanda ya ɗauka cewa yaro ba mugu aka haife shi ba, dole ya nemi dalilin lalacewarsa a cikin gida da unguwar da ya tashi.

A shekarar 1817 iyalin suka koma Bristol, inda mahaifin ya buɗe makarantar yara maza. A nan Mary ta zauna aji ɗaya da maza ta koyi Latin da Girkanci da ilmin kimiyya, abin da ba kasafai 'ya mace ke samu ba a wancan zamani. Ta yi aikin koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu na ɗan lokaci, sannan ta dawo ta taya mahaifiyarta tafiyar da makarantar 'yan mata.

Shekarar 1833 ce ta sauya mata alƙibla. A cikinta ta sadu da baƙi biyu da suka zo Bristol: Raja Ram Mohan Roy, shahararren ɗan gwagwarmayar kawo sauyi daga Indiya, wanda ya rasu a birnin a watan Satumbar wannan shekara, da kuma Joseph Tuckerman, wani Ba'amurke daga Boston mai aikin taimakon talakawa. An ruwaito cewa wata rana suna tafe da Tuckerman a wani lungu sai wani yaro cikin tsumma ya gifta su a guje, shi kuwa baƙon ya nuna mata cewa kamata ya yi a bi irin wannan yaro har gida a ga halin da yake ciki. Bayan shekara biyu, a 1835, ta taimaka aka kafa wata ƙungiyar mata masu ziyartar gidajen matalauta, ta kuma riƙe muƙamin sakatariyarta fiye da shekara ashirin.

Mahaifinta ya rasu a teku a 1840. Shekara shida bayan haka ta buɗe makarantar kyauta a unguwar Lewin's Mead, ɗaya daga cikin unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu a Bristol, irin makarantun da a lokacin ake kira na masu tsumma, domin ɗalibansu ba su da suturar da wata makaranta za ta karɓe su da ita. A wannan makaranta ce ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Yaro zai ɓace daga aji, a ce yana kurkuku, bayan 'yan makonni ya dawo ya fi da taurin kai, ya kuma koyo sababbin dabarun sata. Ba a jima ba sai ya sake komawa.

Daga nan ta shiga nazarin yadda wasu ƙasashe ke yi. A kusa da Hamburg ta Jamus, Johann Wichern ya kafa wani gida tun 1833 inda ake raba yara zuwa ƙananan rukunai, kowane rukuni da mai kula da shi kamar iyali. A Mettray ta Faransa kuma an buɗe wata babbar gona inda yara masu laifi ke noma maimakon zaman kurkuku. A 1851 ta wallafa littafinta a kan makarantun gyaran tarbiyya, inda ta kasa yaran titi kashi biyu, wato waɗanda talauci ke gab da jefawa cikin laifi, da waɗanda suka riga suka faɗa. Ta nemi a samar da makarantu iri uku: na kyauta na jeka-ka-dawo, na koyon sana'a da ake ciyar da ɗalibai, da na kwana domin waɗanda kotu ta riga ta hukunta. Hujjarta ita ce, yaron da ya yi laifi yaro ne har yanzu, kuma abin da ya rasa shi ne gida, saboda haka a ba shi wani abu mai kama da gida, da aikin yi, da wanda zai damu da shi.

A watan Disambar wannan shekara, ita da lauya Matthew Davenport Hill suka shirya wani babban taro a Birmingham kan wannan batu. Abin mamaki, duk da cewa littafinta ne ya tara mutanen, ba ta tashi ta yi jawabi ba, saboda a ganinta a lokacin bai dace mace ta yi magana a gaban taron maza ba. To amma a 1852 ta bayyana gaban wani kwamitin majalisar dokoki ta ba da shaida, inda ta soki kurkukun yara na Parkhurst da gwamnati ke alfahari da shi, wanda aka buɗe a 1838.

Ba ta jira majalisa ba. A watan Satumbar 1852, tare da wani attajiri mai suna Russell Scott, ta buɗe makarantar kwana a Kingswood da ke wajen Bristol, a wani tsohon ginin makaranta da John Wesley ya kafa. An haɗa maza da mata, kuma farkon al'amarin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Yaran sun riƙa tserewa zuwa cikin gari, wasu su ƙare a hannun 'yan sanda, ita kuma ta bi su har ɗakin tsarewa ta dawo da su. Babbar matsalar ita ce makarantar ba ta da ikon doka na riƙe kowa, don haka duk yaron da ya ga dama sai ya kama gabansa. 'Yan matan ne suka fi ba ta wahala, har ta yanke shawarar cewa dole a ware musu wuri nasu.

Dokar da take nema ta samu a 1854. A ƙarƙashinta, alƙali na iya tura wanda bai kai shekara 16 ba zuwa makarantar gyaran tarbiyya na tsawon shekara 2 zuwa 5. Masu zaman kansu ne za su kafa makarantun, amma sai gwamnati ta duba ta ba su takardar amincewa, baitulmali ya ba da tallafi, a kuma tilasta wa iyaye biyan abin da bai wuce sule biyar a mako ba, don kada wani ya mayar da makarantar wurin sauke nauyin 'ya'yansa. To sai dai an saka wani sharaɗi da ya ɓata mata rai ƙwarai: kafin a kai yaro makaranta sai ya yi aƙalla kwana 14 a kurkuku. 'Yan majalisa da dama na ganin cewa idan ba a fara ɗanɗana wa mai laifi azaba ba, to an ba shi lada ne a kan laifinsa, alhali ɗan talakan da bai yi sata ba ba ya samun abinci da koyon sana'a kyauta. Mary ta yaƙi wannan sharaɗi har ƙarshen rayuwarta, ba a kuwa kawar da shi gaba ɗaya ba sai a 1899, shekara 22 bayan mutuwarta.

A watan Oktobar 1854 ta buɗe makarantar 'yan mata a wani tsohon gida da ake kira Red Lodge, wanda aka gina tun ƙarni na 16. Lady Byron, matar marigayi mawaƙin nan Lord Byron, ita ce ta sayi gidan domin wannan aiki. Ana ɗaukarta a matsayin makarantar gyaran tarbiyyar 'yan mata ta farko a Ingila. Ana koya musu karatu da rubutu da addini, da wanki da ɗinki da girki, da nufin idan sun fita su sami aikin gida a wurin masu hali.

A nan ne kuma tarihinta ke da wani ɓangare da masu yabonta ba su cika son tsayawa a kai ba. Matar da ta rubuta cewa ƙauna ce ke gyara yaro, ita ce kuma ta amince a riƙa kulle 'yan matan da suka gagara su kaɗai a wasu ƙananan ɗakuna da ke ƙarƙashin ginin, a aske wa wasu gashi, a wasu lokuta ma a yi amfani da bulala. Ta sha samun saɓani da ma'aikatanta, domin mace ce da ba ta son a ja da ra'ayinta. Marubuciya Frances Power Cobbe, wadda ta zauna tare da ita tana taya ta aiki daga 1858, ba ta daɗe ba ta bar gidan, saboda tsananin ƙunci da yawan aikin da Mary ta ɗora wa kanta da duk wanda ke kusa da ita. Adalcin da za a yi mata shi ne, Red Lodge ta fi kurkukun wancan zamani nesa ba kusa ba, amma ba ta zama gidan iyalin da littafinta ya siffanta ba. Ita ma gonar Mettray da ta ɗauka abin koyi, an rufe ta a shekarun 1930 bayan jaridun Faransa sun fallasa irin azabar da ake gana wa yara a cikinta.

Tsarin da Mary ta yi wa fafutuka ya iso Nijeriya ta hannun Turawan mulkin mallaka. A 1933 Birtaniya ta haɗe makarantun gyaran tarbiyya da na koyon sana'a ƙarƙashin doka ɗaya, kuma a kan wannan doka aka kwaikwayi dokar yara da matasa da aka kafa a Legas a 1943, wadda daga baya ta kai ga sauran sassan ƙasar. Gidan horar da matasa masu laifi na gwamnatin tarayya da ke Kaduna, da makarantar gyaran hali ta Kiru da ke kusa da Ƙaraye a jihar Kano, duk suna tsaye ne a kan wannan tunani na raba yaro da kurkukun manya. Amma uban da ke Rogo ko Ƙaraye wanda ɗansa ya faɗa shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke, sau da yawa abin da ya fi sani shi ne gidan mari, inda shi da kansa zai kai yaron ya damƙa wa malam, babu alƙali, babu wa'adi, babu mai zuwa dubawa. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, aka sake samun makamancin haka a Daura a watan Oktoba, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Abubuwa ukun da aka rasa a can, wato hukuncin kotu da ƙayyadadden wa'adi da mai bincike daga waje, su ne dokar 1854 ta tanada, ko da yake labarin Red Lodge ya nuna cewa su ma ba su hana a ƙuntata wa yaro ba.

Bayan dokar 1857 da ta amince da makarantun koyon sana'a na yaran da ke gararamba a titi, Mary ta buɗe irin wannan makaranta ta maza a Bristol a 1859. A wannan tsakanin ta saba da yin jawabi a bainar jama'a, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake sauraro a tarukan masana zamantakewa. A 1864 ta fitar da wani littafi mai juzu'i biyu a kan fursunoni manya. Ba ta taɓa aure ba, amma a 1858 ta ɗauki riƙon wata yarinya 'yar shekara biyar.

Tana da shekara 59 ta cika burin da ta ɗauka tun haɗuwarta da Ram Mohan Roy, inda ta tafi Indiya a 1866. Ta ziyarci makarantu da gidajen yari a Bombay da Madras da Kalkata, ta kuma tarar cewa babban abin da ke hana iyaye barin 'ya'yansu mata a makaranta shi ne rashin malamai mata, saboda haka ta nemi hukumomi su kafa kwalejojin horar da su. Ta sake komawa ƙasar har sau uku, na ƙarshe a 1875. Ƙoƙarinta na tafiyar da irin wannan kwaleji a Bombay bai yi nisa ba, kuma wasu masana tarihi na ganin ta je ne da tabbacin cewa tarbiyyar Ingila ita ce ma'auni, kamar yawancin Turawan zamaninta. A 1870 ta kafa wata ƙungiya a Bristol domin ƙarfafa ilmi a Indiya da kuma kula da ɗaliban ƙasar da ke zuwa karatu Birtaniya. A 1873 ta je Amurka da Kanada ta duba gidajen yarinsu.

Nasararta ta ƙarshe a majalisa ta zo a 1876, lokacin da dokar ilmin firamare ta amince da makarantun sana'a na jeka-ka-dawo masu ciyar da ɗalibai, abin da ta nema shekara 25 da suka gabata.

Mary Carpenter ta rasu cikin barcinta a Bristol a tsakiyar watan Yunin 1877, tana da shekara 70. An binne ta a maƙabartar Arnos Vale, inda kabarin Ram Mohan Roy yake. Makarantar Red Lodge ta ci gaba da aiki kimanin shekara arba'in bayan rasuwarta kafin a rufe ta, daga baya aka mayar da ginin gidan tarihi na birnin Bristol.