Audu Baƙo: Ɗan sandan da ya bar wa Kano gadon ruwa da kifi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada ya ratsa yankin da aikin marigayi Audu Baƙo ya sauya wa kama. An haife shi a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aiki. Ya bi sahun mahaifin nasa a 1942, ya yi ta hawa matakai har ya shiga sahun manyan jami'ai.

Da Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai aka naɗa shi gwamnan Kano na farko, lokacin jihar ta haɗa da Jigawar yau. Ya tarar da ƙasa mai ɗimbin jama'a wadda abincinta ya dogara ga damina ɗaya, saboda haka ya ɗauri aniyar tare ruwa. Ya gina madatsar Bagauda, sa'annan tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa, aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano, wanda ke gangarowa ta dajin Falgore. Da ruwanta ne ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure.

Tafkin ya kuma zama gidan kifi, musamman karfasa. Mai saye a kasuwa yakan ɗauka iri ɗaya ce, alhali kuwa dangi ne masu kama da juna amma ɗabi'a daban. Akwai mai zane-zane a wutsiya, wadda macenta ke renon ƙwai a cikin baki. Akwai fara-fara, wadda namiji da mace duk sukan ɗauki ƙwan a baki. Akwai kuma mai jan ciki, wadda ke zuba ƙwai a gurbi a ƙasan ruwa, iyayen biyu su tsaya gadi. A Tafkin Malawi wannan dangi ya rarrabu zuwa ɗaruruwan iri. Raga mai ƙananan ido kuwa ba ta san wannan bambanci ba: uwa ɗaya da ta faɗa cikinta, zuriya guda ce ta tafi.

Aikin bai zo kyauta ba. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka sake wa mutanensu matsuguni, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗejiya da Nguru kuma ta ragu.

Mulkinsa ya ƙare a watan Yulin 1975, da juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta binciki tsofaffin gwamnoni, har da shi. Ya koma noma, ya rasu a 1980. Sakatariyar jiha da gidan namun daji na Kano da kwalejin aikin gona ta Dambatta suna ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.