ABDULLAHI ƊAN ZUBAIRU (R.A) DA KATAKON ƊAKIN KA'ABA

 

Ya 'yan'uwa matasa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin Abdullahi ɗan Zubairu ɗan Awwamu, sahabin da ya rushe Ɗakin Ka'aba har ƙasa ya sake gina shi. Amma ba za a gane aikinsa ba sai an san irin ginin da ya tarar.

Shekara biyar kafin a aiko Manzon Allah (S.A.W), wajen shekara ta 605 Miladiyya, gobara da ambaliya sun raunana ginin Ɗakin, Ƙuraishawa suka yi shawarar sabunta shi. Dutse kam akwai shi a Makka ko'ina, amma doguwar bishiyar da za a yi rufi da ita babu. Ana cikin haka sai iska ta jefo wani jirgin ruwan Rumawa gaɓar Shu'aiba, wadda ita ce tashar jiragen Makka kafin Jidda, ya farfashe a nan. Walidu ɗan Mugira ya tafi da wasu Ƙuraishawa suka sayi katakon, suka kuma taho da wani magini kuma kafinta mai suna Baƙum. Malam Azraƙi, mai littafin Akhbaru Makka, ya bayyana cewa jeri-jeri aka yi ginin, jerin dutse sannan jerin katako, 16 na dutse 15 na katako, tsawonsa kamu 18, da ginshiƙai 6 a ciki. A wannan aiki ne Manzon Allah (S.A.W) ya raba gardamar ɗora Hajarul Aswadi. Kuɗin halal da suka tara bai kai ba, sai suka rage Ɗakin ta wajen Hijir Isma'il.

Sunan da Azraƙi ya ba katakon shi ne saj. Ɗalibanmu na Larabci su riƙe wannan kalma, domin ita ce bishiyar tik da ake yin turakun wutar lantarki da ita a nan Gana. Asalinta kuwa Indiya da Bama da maƙwabtansu. Wato jirgin na Rumawa ne, amma itacen daga gabas ya fito. Masana na yau suna da tasu hanyar bin asalin katako. Duk wanda ya duba gungumen da aka yanka zai ga zobba a jere, ko wane zobe shekara ɗaya, mai faɗi a shekarar wadata, siriri a shekarar fari ko sanyi. Da gwada jerin zobban da na dazuzzuka suka gane cewa mafi yawan itacen da teku ke jefowa Girinlan da Aislan da Sibalbad daga Saiberiya yake, koguna irin su Yenisei suka kai shi teku, ƙanƙara ta ɗauke shi shekaru tana tafiya da shi. Malamanmu kuwa da isnadi suka bi nasu, wane ya ji daga wane, har zuwa bakin teku a Shu'aiba.

To, a dawo ga Abdullahi. Mahaifiyarsa Asma'u ce 'yar Sayyidina Abubakar. Ta yi hijira da cikinsa ta haife shi a Ƙuba, shi ne ɗa na farko da aka haifa wa Muhajirai a Madina. Musulmi sun yi kabbara ranar, saboda an yi ta yaɗa cewa an yi musu sihiri ba za su haihu ba. Manzon Allah (S.A.W) ya tauna dabino ya sa masa a baki. Kakarsa ta wajen uba ita ce Safiyya, gwaggon Annabi. Nana A'isha ƙanwar mahaifiyarsa ce, da sunansa ake yi mata alkunya Ummu Abdullahi, kuma a wurinta ya ji hadisin da ya yi aiki da shi 'yan shekaru bayan rasuwarta.

Yana matashi ya halarci yaƙin Subaiɗila a ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 27 Hijiriyya, inda aka kashe Jarjir shugaban Rumawa. Yana cikin mutum huɗu da Sayyidina Usman ya ɗora wa rubuta Mus'hafi, tare da Zaidu ɗan Sabitu da Sa'idu ɗan Asi da Abdurrahman ɗan Harisu. A shekara ta 36 aka kashe mahaifinsa a ranar yaƙin Raƙumi, ya bar masa wasiyyar biyan bashi. Bukhari ya ruwaito cewa bashin ya kai miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya sayar da filin Gaba ya biya, sannan ya hana raba gado har shekara huɗu, kowace shekara yana shela a lokacin Hajji ko akwai mai bin Zubairu bashi. Mu da muke ganin yadda ake rigimar gida a zangunanmu tun kafin sadakar bakwai, wannan ya isa abin dubawa.

A shekara ta 60, da Mu'awiya (R.A) ya rasu, Abdullahi ya ƙi yi wa Yazidu mubaya'a. Ya bar Madina da dare ya koma Makka, ya kira kansa mai neman mafaka a Ɗakin Allah. Rundunar Sham ƙarƙashin Husaini ɗan Numairu ta kewaye Makka a farkon shekara ta 64, ta kafa majaujawar jifa a kan duwatsu. A watan Rabi'ul Awwal wuta ta kama Ɗakin. Wasu marubuta sun ce daga jifar mutanen Sham ne, wasu sun ce tartsatsi ne iska ta ɗauko daga tantunan da ke cikin masallaci. Ko ma daga ina ne, ginin da ke da busasshen katako a tsakanin kowane jeri biyu ba ya jure wuta. Tufafin Ɗakin suka ƙone, katakon jirgin Shu'aiba ya ƙone bayan kusan shekara 80 yana cikin bango, duwatsu suka rasa abin da ke riƙe su, Hajarul Aswadi ya tsage gida uku. Ba a jima ba labarin mutuwar Yazidu ya iso, rundunar ta janye.

Nan fa Abdullahi ya tara manyan Makka. Abdullahi ɗan Abbas (R.A) ya ga a gyara abin da ya lalace kawai, a bar duwatsun da mutane suka musulunta a kansu, don kada ya zama duk mai mulki ya zo ya rushe ya gina. Ɗan Zubairu kuwa ya kafa hujja da cewa ko gidan mutum ne ya ƙone ba zai yarda da faci ba, balle Ɗakin Ubangiji. Yana kuma da hadisin Nana A'isha, wanda ke nuna Manzon Allah (S.A.W) ya so mayar da Ɗakin kan harsashin Annabi Ibrahim (A.S), da ƙofa biyu a ƙasa, sabuntar Musuluncin Ƙuraishawa ce ta hana shi. Ya yi istihara kwana uku, ya yanke shawara. Mutane suka ji tsoron taɓa ginin, sai da suka ga an jefo dutsen farko ba abin da ya faru sannan suka sa hannu.

Aka haƙa har aka kai harsashin Annabi Ibrahim, ya kira mutane suka shaida. Ya kafa turaku ya rataya labule don masu salla da ɗawafi su sami abin fuskanta. Ya gina bangon da dutse, ya shigar da ɓangaren Hijir, ya ɗaga tsawon zuwa kamu 27, ya yi ƙofar shiga a gabas da ta fita a yamma. Ginshiƙai shida suka koma uku, na katako. Hajarul Aswadi kuwa ya ɗaure shi da azurfa. Aka gama a shekara ta 65, ya fita Tan'im ya ɗauro haramin Umra don godiya ga Allah.

A lokacin an yi masa mubaya'ar halifanci a Hijaz da Yaman da Iraƙi da Masar, har da yawancin Sham. A ganinmu abin da ya rage masa ƙarfi shi ne zamansa a Makka, garin da ba shi da runduna ko haraji irin na Sham da Iraƙi. Banu Umayya suka farfaɗo, suka karɓe Masar, aka kashe ƙanensa Mus'abu a Iraƙi a shekara ta 72. Abdulmalik ɗan Marwan ya turo Hajjaju ɗan Yusufu, ya tsare Makka watanni har yunwa ta kori mutane, ciki har da biyu daga 'ya'yan Abdullahi. Ya je wurin mahaifiyarsa, tana da shekara kusan 100, ba ta gani. Ta ƙarfafa shi a kan in ya san yana kan gaskiya kada ya miƙa wuyansa. Ya fita ya yi yaƙi har aka kashe shi a shekara ta 73, wato 692 Miladiyya. Asma'u ba ta daɗe ba ta bi shi. Allah Ya ƙara musu yarda.

A shekara ta 74 Hajjaju ya fitar da Hijir, ya toshe ƙofar yamma, ya ɗaga ta gabas, amma ya bar tsawon yadda yake. Da Abdulmalik ya tabbatar da ingancin hadisin Nana A'isha ya yi nadama. Daga baya wani halifan Abbasiyawa ya so mayar da ginin Ɗan Zubairu, Imam Malik ya hana shi, da irin hujjar da Ɗan Abbas ya bayar tun farko.

Ginshiƙan nan uku sun daɗe a cikin Ɗakin har zuwa babban gyaran zamanin Sarki Fahad a 1417 Hijiriyya, 1996 Miladiyya, inda aka musanya su da sababbi na itacen tik daga Bama. Aka ajiye ɗaya daga cikin tsofaffin a gidan nunin kayan tarihin Harami biyu da ke unguwar Ummul Jud a Makka, da shekarar 65 Hijiriyya a bayaninsa.