Charles Darwin da Halittun Ruwa: Daga Murjani Zuwa Makankari

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci sunan Charles Darwin a wurarenmu, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne gardamar asalin ɗan Adam. Wannan gardama tana da malamanta, kuma ba ita ce ta tara mu a nan ba. Abin da za mu yi ƙoƙarin dubawa shi ne wani sashe na rayuwarsa wanda ba a cika kula da shi ba, watau aikinsa a kan ƙananan halittun ruwa. Da su ya fara bincike yana saurayi, kuma a kansu ya rubuta takardarsa ta ƙarshe.

Bahaushe ya san murjani a wuyan mata, wanda fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi daga Bahar Rum. Sai dai ba kowa ya san cewa ƙashin wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne masu zama jingim wuri ɗaya ba. Danginsu na tekuna masu ɗumi sukan yi ta gini bisa ƙasusuwan iyayensu har abin ya zama ganuwa a cikin ruwa. Makankari kuwa shi ne halittar nan mai ɓawo biyu da ake samu a kogi da teku.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Darwin ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury ta ƙasar Ingila. Ubansa likita ne mai hali, uwarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara takwas. A 1825 uban ya tura shi Jami'ar Edinbara don ya gaje shi, amma yaron bai iya jure ganin fiɗa ba, domin a zamanin babu maganin sa barci. Sai ya riƙa bin wani malami mai suna Robert Grant zuwa bakin teku, suna tsintar halittun da ruwa ya bari idan ya janye. A watan Maris na 1827 ya gabatar da ɗan abin da ya gano a gaban wata ƙungiyar ɗalibai, ciki har da cewa wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ake gani a ɓawon kawa ƙwan wata matsattsakun teku ne. Ashe ƙungiyar ɗalibai ba abin rainawa ba ce.

Da uban ya ga likitanci ya ƙi, sai ya mai da shi Kambirij ya yi karatun zama limamin coci. Ya gama a 1831, kuma a ƙarshen shekarar, ran 27 ga Disamba, ya bi wani jirgin ruwa na gwamnati mai suna Beagle, wanda Kyaftin Robert FitzRoy ya ja don auna gaɓar Kudancin Amurka. Ba su komo gida ba sai watan Oktoba na 1836.

Yadda Ya Warware Matsalar Tsibiran Murjani

Matsalar da ta dami masana a lokacin ita ce wannan. A tsakiyar Tekun Fasifik da Tekun Indiya akwai tsibirai masu siffar zobe, da tabki a tsakiya, waɗanda murjani ne ya gina su. Irin su ne tsibiran Maldib, inda aka riƙa haƙilon tara yawancin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. To, murjani mai gini ba ya rayuwa sai a ruwa marar zurfi, abin da bai wuce gaba 20 zuwa 30 ba. Ƙaƙa aka yi ke nan ya kafa gida a inda zurfin teku ya kai dubban ƙafafu? Babban masanin duwatsu na zamanin, Charles Lyell, ya ɗauka cewa zoben bakin dutse mai aman wuta ne da ke nutse, murjani ya hau kansa.

Abin mamaki, makankari ne ya fara nuna wa Darwin hanya. Ran 20 ga Fabrairu, 1835, yana garin Valdivia ta ƙasar Cile, aka yi wata mummunar girgizar ƙasa wadda ta rushe birnin Concepcion. Bayanta FitzRoy ya tarar da tarin makankari a tsibirin Santa Maria manne da duwatsu suna ruɓewa, ƙafa 10 sama da iyakar da ruwa yakan kai. Watau ƙasar ce ta ɗaga. Ba a jima ba Darwin ya hau duwatsun Andis, ya sami ɓawon halittun teku a tudun da ya kai wajen ƙafa 13,000. Sai ya yi tunani, in ƙasa tana tashi a wani wuri, lalle tana nutsewa a wani.

Daga nan bayanin ya fito. Da farko murjani yakan kewaye gindin tsibiri mai dutse kamar lafin riga. Tsibirin yana nutsewa sannu a hankali, murjani yana ƙara gini sama don kada ya rabu da ruwa marar zurfi, sai rata ta shiga tsakanin ganuwar da tudu. A ƙarshe dutsen ya ɓace ɗungum, zoben kaɗai ya rage. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Darwin ya tsara wannan tun bai taɓa taka irin tsibirin ba. Sai a watan Afrilu na 1836 ya jarraba shi a tsibiran Kokos na Tekun Indiya. A can FitzRoy ya riƙa zura dalma da aka shafa wa kitse a gindi. Kusa da gaɓa takan fito da shaidar murjani mai rai, in an nisa kuwa sai rairayi. Da suka yi nisan yadi 2,200 kawai daga gaɓa, igiya mai tsawon ƙafa 7,200 ba ta taɓo ƙasa ba. Lyell da kansa ya bar ra'ayinsa ya bi na saurayin, littafin kuma ya fito a 1842.

Shekara Takwas a Kan Abu Ɗaya

Ya auri 'yar kawunsa Emma Wedgwood a 1839, suka haifi 'ya'ya goma, suka zauna a ƙauyen Down daga 1842 har ƙarshen ransa. Rashin lafiya bai sake shi ba tun daga lokacin. A 1846 ya ɗauko wata 'yar halitta da ya tsinto a Cile, daga cikin dangin banakul, masu manne wa duwatsu da gindin jirage. A ido sai ka ce makankari ne, alhali kuwa 'yan'uwan ƙaguwa ne. Ya yi nufin 'yan watanni, sai ga shi aikin ya ci shekara takwas, har 1854. An ce wani ɗansa ya taɓa tambayar abokin wasansa inda nasa uban yake yin banakul ɗinsa, don ya zaci aikin kowane uba ke nan. A cikin waɗannan shekaru ne 'yarsa Annie ta rasu, a 1851, tana da shekara goma.

A ganina wannan shi ne aikin da ya fi gyara masa ido. Da ya feɗe dubbai, sai ya tarar cewa da wuya a sami wata gaɓa a jikinsu wadda ba ta ɗan bambanta daga wannan zuwa wancan, ko da jinsinsu ɗaya. Masana da yawa a da suna ɗaukar irin wannan bambanci tamkar tangarɗa ce mai hana ruwa gudu wajen raɗa suna. Shi kuwa ya ga cewa idan hali ya sauya, bambancin ne zai sa wani ya mutu wani ya tsira. A kan wannan ya kafa shahararren littafinsa na 1859.

Amma fa bai san inda bambancin yake fitowa ba, ko yadda ɗa yake gadonsa. A 1868 ya kawo wani bayani, cewa kowace gaɓa tana aika wasu 'yan ƙwayoyi su taru a iri. Wannan kuskure ne. Amsar tana cikin takardar da Gregor Mendel ya buga a 1866 a kan wake, wadda duniya ba ta waiwaye ta ba sai 1900.

Ƙarshen Rayuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

A 1880 John Murray ya soki bayanin tsibiran, ya ce murjani yana iya hawa tudun da ke ƙarƙashin ruwa ba tare da wani nutsewa ba. Darwin ya san cewa haƙa ce kaɗai za ta raba gardama, har a 1881 ya rubuta wa Alexander Agassiz yana fatan wani attajiri ya ɗauki nauyinta. Bai ga wannan rana ba.

A watan Fabrairu na 1882 wani saurayi mai sana'ar takalma a Northampton, Walter Crick, ya rubuto masa cewa ya kama wani ƙwaron ruwa da ɗan ƙaramin makankari maƙale a ƙafarsa. Darwin ya daɗe yana tambayar yadda halittar da ba ta da fiffike take isa kududdufin da ba ya haɗe da kowane rafi. Ƙwaron kuwa yana tashi. Ya rubuta 'yar takarda a kan haka, mujallar Nature ta buga ta ran 6 ga Afrilu. Ran 19 ga watan ya rasu yana da shekara 73, aka binne shi a majami'ar Westminster a Landan.

An haƙa tsibirin Funafuti daga 1896 zuwa 1898 har ƙafa 1,114, ba a wuce farar ƙasar murjani ba. Sai a 1952 Amurka ta haƙa Eniwetok, aka taɓo baƙin dutsen aman wuta a ƙafa 4,158 a rami ɗaya, da ƙafa 4,610 a ɗayan. Abin takaici, shirin gwajin bam ne ya kawo kuɗin haƙar, bayan an kwashe mutanen tsibirin daga gidajensu a 1947. An kuma gane daga baya cewa hawa da saukar ruwan teku a zamunan ƙanƙara suna da babban rabo wajen sassaƙa siffar zoben, abin da Darwin bai sa a lissafi ba.

Shekara ɗaya bayan haƙar, a 1953, Francis Crick, jikan mai takalman nan, tare da James Watson suka bayyana tsarin DNA, watau sinadarin da ke ɗauke da gado, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Da ilmin gado aka tabbatar cewa makankarin teku na ƙasashen arewa, wanda ɓawonsa ya sha rikita masana, jinsi uku ne masu barbarar juna inda suka haɗu. Murjani kuwa an san yanzu cewa wasu 'yan tsirrai ne a cikin jikinsa suke ciyar da shi da hasken rana, shi ya sa ba ya son zurfi. In ruwa ya yi zafi yakan kore su, ya yi fari, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a Maldib a 1998, da babbar ganuwar Ostareliya a 2016. A irin waɗannan wurare akan tarar wani gungu ya mutu, na kusa da shi yana raye. Masu bincike sukan ɓalli ɗan guntu daga kowanne su karanta gadonsa, don su san wane dangi ne yake jure zafi, da kuma nisan da 'ya'yansa suke yi a cikin igiyar ruwa kafin su manne.